Amsoshin Tambayoyinku: Uwar da Ta Ce Za Ta Cire Ɗanta, Gobe Kuma Ta Fasa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Tun ranar da muka taɓo maganar matan da ke rainon yara a gidajensu idan iyayen sun tafi aiki, wasiƙu da saƙonnin waya ba su daina shigowa ba. Na zauna na karanta su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga yawancinsu a kan abu guda suke: ranar da uwa za ta ce za ta cire ɗanta, da kuma uwar da ta kasa tsayar da magana ɗaya. Masu rubutun sun roƙi a sakaya sunayensu, kuma za mu yi hakan, domin ta yiwu iyayen yaran da suke magana a kai suna saurarenmu a yanzu. Ni ma na yi wannan sana'a shekara 8 a tsakar gidana, don haka abin da zan faɗa na taɓa shi da hannuna.

Wasiƙar farko daga unguwar Hotoro ce a Kano. Ga abin da 'yar uwarmu ta ce:

"Anti, ina riƙe da yara shida, kowane naira 20,000 a wata, da ni da wata yarinya da nake biya tana taya ni. Cikinsu akwai ɗan wata 11, uwarsa ma'aikaciyar jinya ce. A farkon watan da ya wuce ta ce min ƙarshen wata za ta cire shi, wai surukarta za ta zo daga ƙauye ta zauna da su. Na ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, na kira wata malamar makaranta da ta daɗe tana jiran gurbi, na ce ta shirya. Bayan kwana goma uwar ta ce ta fasa, tsohuwar ba za ta zo ba sai an gama girbi. Na ba malamar haƙuri. Jiya kuma da ta zo ɗaukarsa ta ce, 'Ni dai ban sani ba, mu ga ƙarshen watan nan.' Anti, nauyinta nake ji, kuma ina son yaron. Yaya zan yi?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Bari mu fara da lissafin da kika ba mu da bakinki. Yara shida, naira 120,000 ke nan a wata idan kowa ya biya. A ciki za ki sallami yarinyar da ke taya ki, ki sayi gas ko gawayi, ki sayi sabulu da omo, ki sayi ruwa idan famfo ya ɗauke. Duk waɗannan ba su san cewa wata uwa tana tunani ba. Ranar da gurbi ɗaya ya zauna babu kowa, kashi ɗaya cikin shida na kuɗinki ya tafi, kuma sau da yawa wannan kason shi ne ribar taki gaba ɗaya. Abin da iyaye ke biya a wurinki gurbi ne: katifar nan da kika ware, da hannun da kika tanada, da yaron wata da kika mayar saboda nata. Idan kika fahimci haka za ki daina ganin kamar rashin kunya ne ki nemi a ba ki amsa.

Amma kafin ki nemi amsar, ki gano abin da ke juya matar nan. A shekarun da na yi, ban taɓa ganin uwar da ke kwan-gaba kwan-baya haka kawai don ta wahalar da mai raino ba. Akwai abin da ke cin ta, kuma da wuya ta faɗe shi a bakin ƙofa. Wata maganar ba a hannunta take ba, maigida da mahaifiyarsa ne ke ja, ita kuma ta zama 'yar aike, abin da aka ce mata da dare shi take kawo miki da safe. Wata kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da cefane suka lashe albashi, kuma ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, ki duba ki ga nawa 20,000 take a cikinsa. Sai uwa ta ji nauyin cewa ba ta da shi, ta fake da zuwan suruka. Wata kuma zuciyarta ce ba ta kwanta ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16, sai 'yan jihohi irin Kaduna da suka kai shi wata shida. Ke nan uwa tana miƙa miki jariri tun jikinta bai gama komawa ba, nono na zuba a wurin aiki, ga dangi suna cewa ta jefar da ɗa saboda albashi. Irin wannan kullum tana neman hanyar da za ta dawo da shi kusa da ita.

Na kuma lura da shekarun yaron, wata 11. Daga wajen wata takwas yaro ke fara ƙyuya ta gaske, kuma ta kan yi tsanani daga nan har zuwa shekara ɗaya da rabi. Yaron da a da ake miƙo miki shi yana dariya, yanzu sai ya ƙanƙame mayafin uwarsa yana tsala ihu. Uwar da ba ta san haka girma yake ba sai ta ɗauka wani abu ake yi masa a gidanki. Na tuna wata da nake riƙe mata ɗa. Kullum idan ta fita sai in ji takun takalminta ya tsaya a soro, ba ta wuce ba, tana laɓe tana sauraron kukansa. Sau biyu ta ce min za ta cire shi, sau biyu ta fasa. Wata safiya na leƙa na yafito ta da hannu, na ce ta zo ta tsaya ta taga kar ta yi motsi. Ko minti biyar ba a yi da fitarta ba, ga shi zaune a kan tabarma da ludayi a hannu yana dukan murfin tukunya, hawayen ma ba su bushe a kumatunsa ba amma dariya yake yi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share idonta da gefen mayafi ta tafi aiki. Ba ta ƙara tayar da maganar ba sai da ya shiga nazare.

To ki samu lokaci ki zauna da ita. Kar ki yi maganar a lokacin ɗaukar yara, tana saɓa shi a kafaɗa, ɗan adaidaita yana danna mata hon a waje, sauran iyaye suna ji. Ki ce ta zo da wuri da minti goma, ko ki kira ta bayan sallar isha'i. Ki fara da tambaya: "Maman yaro, akwai abin da ba ya yi miki daɗi a riƙon da nake yi masa? Don Allah ki faɗa min, ba zan ji haushi ba." Sannan ki yi shiru ki saurara, ko da abin da za ta faɗa zai yi miki ɗaci. Idan abin gyarawa ne ki gyara. Idan kuɗi ne kuma kina da halin rage mata na wata ɗaya ko biyu, wannan alheri ne tsakaninki da Allah, amma ki faɗi ranar da ragin zai ƙare.

Bayan haka sai ki sa rana. Ki ce mata, "Ina son yaron nan ya ci gaba da zama a wurina. Amma akwai wadda ke jiran gurbi, na riga na ba ta haƙuri sau ɗaya. Ina roƙon ki ku yi shawara da Babansa, zuwa ranar Juma'a ki ba ni magana ɗaya. Idan zai zauna, alhamdu lillahi. Idan zai tafi, daga ranar muke ƙirga wata ɗaya. Idan Juma'a ta wuce ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka tafiya zai yi, in ba waccan gurbin daga wata mai zuwa." Jimlar ƙarshen nan ita ce ginshiƙin maganar, domin mai jinkiri shirunta take dogara da shi. Idan shirun ma ya zama amsa, dole ta yanke. Kuna rabuwa ki tura mata abin da kuka yi a rubuce ta WhatsApp, da ranaku, cikin lafazi mai daɗi, don kar gobe a ce ba haka aka yi ba.

Kuma idan ta ce zai tafi, kika ba malamar gurbin, sannan ta dawo ta ce ta sake fasawa, to nan ne za a gwada ki. Amsar ita ce, "Wallahi na riga na yi wa wata alkawari. Zan sa ki a farkon layi, da zarar an samu gurbi ke zan fara kira." Kar ki ɗauki na bakwai don kunya alhali hannunki na shida ne, domin yaran ne za su biya bashin kunyar taki. Kar kuma ki sake mayar da malamar. Ita ma uwa ce, ta yiwu ta riga ta sallami mai riƙe mata, ta faɗa wa shugaban makarantarsu ranar da za ta dawo. A wasiƙarki kin ce kina jin nauyin ma'aikaciyar jinya, ban ji kin ce kina jin nauyin malamar ba, alhali ita aka saɓa wa alkawari. Idan kika ci gaba a haka za ki wayi gari ba tsuntsu ba tarko, waccan ta samu wani gida, wannan kuma surukarta ta iso.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci ce a Sabon Garin Zariya, kuma na ji daɗin zuwanta, domin ta ɗaya ɓangaren ce. Ya ce: "Hajiya, an yi min canjin wurin aiki zuwa Gusau, za mu tashi nan da kwana goma. Mai rainon 'yarmu ta ce sai mun biya cikakken wata, wai haka muka yi da ita tun farko. Ta yaya zan biya kwanakin da yarinya ba ta je ba? Sannan lokacin da muka kawo ta ta karɓi kafin alƙalami. Wannan ya halatta?"

Malam, Allah ya sanya alheri a sabon wurin aiki. Tambayata gare ka ita ce: da gaske haka kuka yi da ita tun farko? Idan ta faɗa muku kafin ku kawo yarinyar, kuka amince, to ka biya ta. Hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, matuƙar sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Kai da kanka ka san notis a gidan haya: ɗan hayan wata-wata ana ba shi wata guda, na shekara wata shida, don kar a wayi gari a watso masa kaya waje. Kwanakin sanarwa a gidan raino ma haka suke, kuma kariya ce gare ku ku biyu. Da ita ce ta kira ka yau ta ce daga gobe ba za ta ƙara karɓar 'yarka ba, alhali kai da uwarta kuna da aiki ƙarfe takwas, ai da ka ce ta zalunce ka. Wata gudan da take nema shi ne lokacin da za ta nemi wanda zai maye gurbin. Idan kuwa ba ta taɓa faɗa muku ba sai yanzu da ta ji za ku tafi, ba ta da hurumin ɗora maka shi, sai dai ka kyautata don kanka. Akwai kuma hanyar tsakiya da na sha yi: idan ta samu wani yaro kafin watan ya cika, ta mayar maka da kuɗin sauran kwanakin, domin bai kamata ta ci kuɗi biyu a kan katifa ɗaya ba.

Maganar kafin alƙalami kuwa, malamai sun yi saɓani a kan irin wanda ake cewa idan ka fasa ya zama na mai karɓa. Imam Malik ya hana shi, kuma ya kawo hadisin hanin a cikin Muwaɗɗa, Imam Ahmad kuma ya halatta. Mu nan yawancinmu Malikawa ne, shi ya sa nake ba masu raino shawarar su fita daga saɓanin. Hanyar mai sauƙi ce: kuɗin da aka karɓa tun farko a rubuta cewa kuɗin watan ƙarshe ne. Duk ranar da iyaye suka ba da sanarwa, wannan kuɗin ya biya watan, ba sai an bi kowa bashi ba. Malam, ka duba rasit ɗinka. Idan kafin alƙalamin da ta karɓa yana nan a wurinta, to a cire shi daga abin da take nema. Wanda ke son ƙarin bayani a kan hukuncin ya tuntuɓi malaminsa.

Wannan wasiƙar ta kawo mu ga abin da nake roƙon duk wata mai raino da ke saurare. Ki rubuta. Tun ran gini ake zane. Na san abin da za ki ce: maƙwabciyata ce, matar ɗan uwan mijina ce, ta yaya zan miƙa mata takarda kamar banki? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin, mutanen da suka yarda da juna. A Suratuɗ Ɗalaƙ ma, aya ta 6, da ake maganar ladan shayarwa, cewa aka yi a ba su ladansu, a kuma yi shawara a tsakani bisa abin da aka sani na alheri. Ba sai kin je wurin lauya ba. Shafi ɗaya na littafin makaranta ya isa, a rubuta kuɗin wata da ranar biya, lokacin kawowa da na ɗauka, yadda za a yi idan yaro bai zo ba don ciwo ko tafiya, da kwana nawa kowane ɓangare zai ba da sanarwa. Ki sa mako biyun farko su zama na gwaji, wanda duk bai gamsu ba a cikinsu ya janye babu biyan komai sai kwanakin da aka yi. Wannan gwajin yana kwantar da hankalin uwa mai shakka ƙwarai, domin ta san ba a ɗaure ta ba. Kuma ki tabbata uban yaro ya gani ya sa hannu, ko aƙalla an karanta masa ta waya ya ce ya ji. Rigingimun da na gani da yawa daga nan suke tasowa: an yi magana da uwa, amma aljihun uba ne ke biya.

Wata 'yar uwa daga Tudun Wada a Kaduna ta ce huɗu daga cikin yaranta 'ya'yan malaman makaranta ne. Duk dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai su kwashe su ba sa biyan ko sisi, amma su ce ta ajiye musu gurbi. Bara ta ajiye, biyu ba su dawo ba.

Malama, wannan tun watan Yuni ake maganarsa, kafin a yi hutu. Ki ba su zaɓi biyu. Wadda ke son a ajiye mata gurbi ta biya rabin kuɗi a watannin hutu, kuma tana da damar kawo yaron wasu kwanaki idan za ta unguwa ko asibiti. Wadda ba za ta biya ba babu laifi, amma gurbin ya zama na wanda ya riga zuwa, idan ta dawo ta samu to, idan ba ta samu ba kar ta ga laifinki. Malaman makarantun kuɗi da yawa ba a biyansu albashin hutu yadda ya kamata, don haka ki duba halin kowacce. Wasu masu rainon kan raba kuɗin hutun a kan sauran watanni, a riƙa ƙara ɗan kaɗan duk wata, kamar adashi, hutu na zuwa an riga an biya.

Akwai kuma saƙo daga wata 'yar uwarmu da ke wannan aiki a Ingila, tana sauraronmu ta intanet. Ba tambaya ta yi ba, ta ce ne in faɗa wa 'yan uwa yadda abin yake a can. Mai raino a gida sai ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido a kan makarantu da wuraren rainon yara, ko wata hukumar da aka amince da ita, kuma doka ta ƙayyade mata yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas, a cikinsu ƙanana waɗanda ba su shiga makaranta ba kada su wuce uku, jariri ɗan ƙasa da shekara kuwa a bisa ƙa'ida ɗaya ne. Ta ce tunda gurbin ƙanana uku ne kacal, tafiyar yaro ɗaya babban giɓi ce, shi ya sa ba a karɓar yaro sai da yarjejeniya a rubuce, kuma yawanci sanarwar mako huɗu ake sawa. Mun gode, 'yar uwa, Allah ya tsare ku a can. Abin da na ɗauka a saƙonki shi ne maganar adadi. Mu ma ya kamata kowace mai raino ta san iyakar hannunta, musamman a kan jarirai, ta tsaya a kai ko da wa ya roƙe ta.

Wasiƙar da zan tsaya a kanta yau daga Maraɗi ta zo, kuma sai da na ajiye ta na ɗan nisa kafin in ƙarasa karanta ta. 'Yar uwarmu ta ce: "Yaya, tun tana wata huɗu nake riƙon yarinyar nan, yanzu shekararta biyu da rabi. A hannuna ta yi haƙori, a tsakar gidana ta fara tafiya, Inna take ce min. Ranar Litinin ba a kawo ta ba. Talata ma shiru. Na kira ba a ɗauka ba. Sai wata maƙwabciya ta ce min an sa ta makaranta. Ina bin su jika 30 na kuɗin sefa. Takalminta da kofinta suna nan. Mijina ya ce kar in ba da kayan sai sun biya. Ni kuwa ba kuɗin ne ya fi damuna ba, ko sallama ba mu yi da ita ba."

Ƙanwata, Allah ya ba ki ladan abin da kika yi wa yarinyar nan. Ciwon da kike ji na gaske ne, kada wani ya ce miki ai sana'a ce. Shekara biyu kina yi mata tsarki, kina hura mata kunu, kina goya ta idan zazzaɓi ya kama ta. Raino a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta raine shi, kuma bai manta da gidanta ba har ya girma. Abin da iyayen nan suka yi ba daidai ba ne, kuma zan faɗa ko suna ji: yaro ɗan shekara biyu da rabi ya san wanda ya saba da shi. A ɗauke shi dare ɗaya daga hannun da ya sani, ba a gaya masa komai ba, shi ma an cutar da shi. Mai yiwuwa yanzu haka tana can tana tambayar ina Inna.

Zatona kunyar bashin ce ta sa suka ɓuya. Mutum idan ana bin sa kuɗi kuma zai tafi, sai ya ga gara ya sulale da ya haɗa ido da mai shi. Saboda haka ki raba abubuwan biyu. Kuɗinki haƙƙinki ne, hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma kar ki yafe shi don kunya sannan ki zauna da ƙullin a zuciya. Ki tura wa uban saƙo a rubuce, da sallama da tambayar lafiyar yarinya, ki faɗi adadin, ki ce idan ba zai samu a dunƙule ba ya kawo jika goma-goma duk wata. Idan mako biyu suka wuce shiru, maigidanki ya same shi namiji da namiji. Idan hakan ma bai yi ba, a sa wani dattijo da suke jin nauyinsa, ko a kai wa mai unguwa. Kar ki kai maganar gidan biki, kar ki sa ta a zauren WhatsApp na matan unguwa. Iyayen da ke kawo miki yara yanzu suna kallon yadda za ki yi da waɗanda suka tafi.

Amma takalmi da kofi, ki ba maigida haƙuri cikin ladabi, ki ce masa kayan yarinyar ne, ita kuwa ba ta ci bashin kowa ba. Ki wanke kofin, ki goge takalman, ki sa su a leda tare da ɗan abin da kika san tana so, ko ƙuli-ƙuli ne ko dabino. Ranar Juma'a da yamma ki yafa mayafinki ki je gidan da kanki, ki yi sallama, ki ce kin kawo wa 'yarki kayanta ne, kin kuma zo yi mata murnar shiga makaranta. A wannan zuwan kar ki ambaci kuɗi ko da uwar ta fara kame-kame, ki ce mata wannan maganar mazajenku ne za su yi ta. Ki ɗauki yarinyar ki ɗora a cinya, ki ce ta nuna miki jakar makarantarta, ki gaya mata cewa yanzu ta girma, makaranta za ta riƙa zuwa, Inna kuma tana nan a gida, duk ranar da babu makaranta Mama za ta kawo ta ta gaishe ki. Idan kika tashi tafiya, ki bari ta raka ki har bakin ƙofa ta ɗaga miki hannu.